Abin da Malam Shu'ibu Ya Gani a Madubi

Jama'a, yau kam ku yi mini uzuri, raina a ɓace yake kuma ba zan iya ɓoyewa ba. Idan kun ji ina ɗaga murya ba da ku nake ba. Da Gwaggo Yakaka nake, da Babana, da rabin matan unguwarmu, da shi kansa Malam Shu'ibu, wanda kwanan baya kawai in na ji ƙararrawar kekensa a ƙofar gida sai muciya ta nemi suɓucewa daga hannuna.

Sunana Falmata, 'yar Umara mai fataucin bandar kifi a cikin garin Haɗejiya. Kakanninmu daga gabas suka taso, can bakin Tafkin Chadi. Tun da Iya ta rasu madafin gidanmu ya dawo hannuna. Ni ke tuƙa tuwo, ni ke dama kunu, da safe kuma in yi ɗanwaken sayarwa, wanda tun kafin rana ta yi zafi kwanukan maƙwabta suke jeruwa a bakin murhuna. Gwaggo Yakaka yayar Baba ce, ta dawo gidanmu bayan mutuwar mijinta, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, daga nan take mulkin kowa har da Baban.

Shi kuwa Malam Shu'ibu Bafillatanin gari ne, iyayensa na da shanu wajen Kafin Hausa. An kai shi boko, an tura shi Kano ya koyo aiki, ya dawo asibitin En'e, na hukumar gargajiya, ƙarƙashin Baturen likita. Ba allura yake yi ba, ba ya ɗaurin gyambo. Wani ɗan ɗaki gare shi mai faffaɗar taga, da wani madubi na ƙarfe mai dogon wuya. Aikinsa shi ne a kawo masa jini, ko fitsari, ko bayan gidan maras lafiya, ya leƙa ya faɗa wa likita wace irin cuta ce a ciki.

To, a nan maganar take.

Tun kakar bara yake zuwa zance wurina. Da la'asar sakaliya zai jingine kekensa a bakin zaure, da farar rigarsa ta sha guga, hula a ɗan karkace, yana ƙamshin jan sabulun asibiti. Ya ce, "Ina Babarbariyata? A ce mata ubangidanta ya zo." Ni kuma in gyara ɗaurin atamfata, in shafa 'yar humra, in fito in ce, "Yaushe bawa ya zama ubangida?" Wasan Fulani da Barebari dai, kun sani. Sau biyu kawunsa Buba yana zuwa neman a tsayar da magana, Baba sai ya ce a dakata tukuna. Wa ke hana shi? Ta gindin darbejiya.

"Malam Mai-kashi!" haka take kiransa, ko a gaban baƙi. "Umara, kana raye za ka ba mai tonon kashin mutane 'yarka? Hannun da ya wuni a cikin ƙazanta shi za a tsoma a akushinmu? Ba a gidan nan ba!"

Na sha kuka a kan wannan suna. Na sha haɗiye magana.

Bana da ruwan kogi ya fara janyewa daga fadama, atini ya kama Baba. Ya yi ta zarya bayi, ya sha jiƙon bagaruwa, ya lafa, ya tafi Auyo sayen kifi, ya dawo abin ya sake tashi. Ana cikin haka Yaya 'Yar'azumi, yayata da ke aure a bayan kasuwa, ta kawo mana ɗiyarta Sakinatu yaye. Ni ta miƙa wa yarinyar. Ni na goya ta, a ƙirjina take barci, da hannuna nake gutsura mata tuwo ina sa mata a baki. Yarinya ɓul-ɓul da ita, mai surutu, ta iya cewa "Fammata" tana jan kitsona.

Ba a jima ba ta fara zawo. Gwaggo ta ce kewar nono ce. Zawo ya koma majina-majina, ta ce haƙori ne. Ran da na ga jini a tsumman yarinyar, tana nishi tana dafe ɗan cikinta, ta ce a ƙara mata bagaruwa da sabara. Aka ɗura. Idon yarinya ya faɗa, wuyanta ya saki, surutun nan duk ya ɗauke.

Da Malam Shu'ibu ya zo ban tsaya wasa ba, na zayyana masa komai. Nan take fara'arsa ta gushe.

"Akwai jini?"

"Akwai."

"Da zazzaɓi mai zafi?"

"Jikin dai da ɗumi, amma ba can ba."

"Falmata, atini ba iri ɗaya ba ne," ya ce. "A ido duk jini ne da majina, amma abin da ke haddasa shi ya bambanta. Wani tsutsa ce, wani wata 'yar halitta ce mai cin hanji, wani kuma ƙwayar ƙanƙantarta ta kai sai an aika Kano a jirgin ƙasa an raine ta a faranti kafin a san ko wace ce. Kowanne da maganinsa. In aka ba da na wannan ga wancan, wahalar banza aka yi. Sai na gani da idona. Ki kawo ta gobe da safe, ina son bayan gidan da ɗuminsa."

Ashe Gwaggo na bayan ƙyaure.

"La'ilaha illallahu! Kashin jikata? A kai wa ƙaton banza ya yi me da shi? Ke 'yar nan, ba ki san da kashin yaro ake sammu ba? To wallahi ƙafarki ta taka asibitin nan, sai na sa Umara ya karya ta!"

Malam Shu'ibu ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, Allah Ya huci zuciyarki." Ta tofar da yawu a gefen kekensa.

Washegari na sauke ɗanwake, na sallami masu saye, na ɗauki Sakinatu na saɓa a baya, na ɗaure da majanyi, na yafa gyale. Ban ɓuya ba, ta gaban tabarmarta na bi.

"Ina za ki?"

"Asibiti."

"Da izinin wa?"

"Gwaggo, in ta mutu a bayana, me zan ce wa uwarta? In ce haƙori ne?"

Ta wawuro gefen zanena, na fizge har ya yage. Tana kururuwa tana kiran Baba, ni kuwa na riga na kai zaure. Duk hanya ina tafe ina huci, yarinya a bayana shiru, babu nauyi kamar na goyo ƙunshin auduga.

Ɗakin nasa ban taɓa shiga ba sai ran nan. Tebur ne fes, da kwalabe a jere, da kwanon ruwa da sabulu a bakin ƙofa. Ba mu daɗe da zama ba Sakinatu ta yi. Da ɗan tsinke ya lakato wurin majinar, ƙanƙani kamar ƙwayar gero, ya ɗora a wani siririn gilashi, ya ɗiga ruwan gishiri, ya rufe da wani gilashin. Ko yatsansa bai taɓa ba. A raina na ce, ashe wannan ne tonon kashin da aka hana ni aure a kansa?

Ya juya madubin wajen taga, ya sa ido, yana murɗa wani ɗan abu a gefe a hankali. Ya daɗe. Can ya ce, "Zo ki gani."

"Ni?"

"Rufe ido ɗaya. Ki dubi tsakiya."

Da farko haske kawai na gani. Daga nan sai ga wani abu kamar ɗigon man shanu a ruwan zafi, ba kai ba ƙafa. Ina kallo ya miƙo gefe guda kamar harshe, sauran jikin ya kwararo ya bi. Ya sake miƙowa. A cikinsa akwai 'yan dunƙule-dunƙule.

Na ja da baya. "Yana motsi! Wallahi mai rai ne!"

"Amiba sunanta. Waɗancan 'yan dunƙulen na cikinta jinin Sakinatu ne ta haɗiye. Shi ya sa na ce da ɗuminsa, in ya huce takan daina motsi, sai a kasa gane ta. Da na ƙanƙanuwar ƙwayar nan ne, mugunya kawai zan gani fal, sai a ba ta ƙwayoyi. Wannan kuwa allura take so."

Jama'a, tsigar jikina ta tashi. Abin da ya tsotse mini yarinya ke nan, yana yawonsa hankali kwance, mu kuma muna can muna ɗura mata bagaruwa.

Likita ya zo ya leƙa shi ma, suka yi Turancinsu, aka ba mu gado. Na aika aka kira Yaya 'Yar'azumi, ta zo a guje ko takalmi babu, ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Allah Ya biya ki, ƙanwata." Ku riƙe wannan kalma, don ba ta sake faɗa mini irinta ba.

Aka fara allura. Sannu a hankali jinin ya tsaya, yarinya ta fara karɓar kunu. Sai Malam Shu'ibu ya tare ni a barandar asibiti.

"Yarinyar da ba ta cin abincin ko'ina sai na gidanku, a ina ta samo? Ta baki take shiga, a ruwa ko a abinci, ko ƙuda ya ɗauko. Likita ya ce a duba kowa na gidan. In ba haka ba za ta warke ta koma ta sake ɗauka."

Na yi dariyar mugunta, ban ɓoye muku ba. Nan da nan zuciyata ta tafi kan Gwaggo, wadda ke tsoma moɗarta a kowace randa, ta ci goro ta goge hannu a zane. Na ce a raina, yau ga ranar Malam Mai-kashi.

Da duba-gari ya kawo 'yan gwangwanaye gidanmu, Baba ya yi tsalle ya dire. "Ni? Da gemuna? In tsuguna a gwangwani a kai wa yaron da ke neman 'yata?" Duba-gari ya ce umarnin likita ne, in an ƙi maganar za ta je gaban mai unguwa. Gwaggo ta yi rantsuwa ta maya, ta tsine wa boko da wanda ya kawo shi, amma da safe sai ga nata gwangwanin a bayan ƙyaure, an naɗe da tsumma har ninki uku. Ni kuwa da rawar jiki na ba da nawa, har ina 'yar waƙa.

Shiru, shiru, ban ji ƙararrawar keke ba. La'asar ta yi, in yi wanka, in sa kwalli, in ɗaura zanen saƙina mai ratsin baƙi, in zauna ina kasa kunne har a kira magariba. Na je asibiti kai wa su Yaya abinci, aka ce yana ciki da likita. Na ce ko aiki ne ya yi masa yawa.

Ran Laraba da hantsi sai ga sallama. Shi ne, da duba-gari, cikin kayan aiki. Baba ya shigar da su zaure, mijin Yaya ma yana nan ya zo gaisuwa. Aka ce in zo. Na durƙusa daga bakin ƙofa, Gwaggo ta tsaya a kaina tana tauna goro. Malam Shu'ibu bai ko dube ni ba.

"Baba," ya ce, "a naka an ga amiba, irin ta yarinyar. Za a yi maka allura, in Allah Ya so ka rabu da wannan zaryar."

Baba ya yi gyaran murya.

"Gwaggo kuma ƙwan tsutsar ciki ne kawai, magani sha ɗaya ya ishe ta. Babu amiba."

Na yi lissafi. Gidan mu uku ne.

"Saura Falmata." Sai a lokacin ya ɗago. "Ita wannan halitta, wani lokaci takan dunƙule ta yi wa kanta ɓawo, ta zauna a cikin mutum, shi yana lafiya garau bai san yana ɗauke da ita ba. A cikin ɓawon nan take fita ta shiga wani. Akwai mai kama da ita da ba ta cutarwa, sai an ɗiga mata maganin aidin an ƙirga idanunta ake rarrabewa. Na duba na sake dubawa, likita ma ya duba. Mai cutarwar ce, kuma da yawa. Ba zan rantse daga gare ta ta fara ba, mai yiwuwa ita ma a wurin Baba ta ɗauka, ko a ruwa. Amma tunda ita ke girki, likita ya ce ta dakata da taɓa abincin kowa, na gida da na sayarwa, har ta gama shan magani a sake dubawa."

Kun ji ya ce ba zai rantse ba, ko? To ni kaɗai na ji wannan. Sauran duk abu ɗaya suka ji.

Mijin Yaya ya ce, "Innalillahi. Ashe ita ce." Ya tashi ya zura takalmi, na san inda za shi.

Gwaggo ta tafa hannu. "Ayyururi! Ga masoyi nan ya biya ki! Kin yaga zane kin kai masa jikata, shi kuma ya leƙa cikinki ya zo ya baje a gaban ubanki da surukin gida. Ni da ake wa kallon ƙazama, ga ni fes!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban taɓa ɗaga murya a gaban Baba ba sai ran nan.

"Malam, ka rasa inda za ka gaya mini sai a nan? Bakinka ciwo yake da ba za ka kira ni gefe ba? Ni ce fa! Ni na goyo ta na kawo maka!"

"Falmata, na zo har sau..."

"Kada ka ƙara kiran sunana!"

Na shige ɗaki na turo ƙyaure. Na dubi hannuwana, ga lallen da na ƙunsa saboda shi bai ko fara gogewa ba. Da su na gutsura mata tuwo. Na ɗauko toka da sabulun salo na yi ta dirza har fatar ta yi ja tana zafi, ina dirzawa ina kuka, kukan haushi ba na tausayin kai ba.

Kafin azahar labari ya gama unguwa, kuma kun san yadda yake ƙaruwa a hanya. Duba-gari ya gaya wa matarsa, matarsa ta kai rijiya. Washegari ko kwano ɗaya bai zo ba. Matan da suka shekara suna lashe yatsa da ɗanwakena su ne ke cewa dama sun daɗe suna jin cikinsu na juyawa. Wata ta ce tsutsotsi aka gani a tafin hannuna. Wata ta ce da gangan na yi don ina baƙin cikin yayata ta haihu. Gwaggo ta karɓi madafi, ta ware mini kwanona da moɗata, ta ajiye su can gefen turken awaki. Tuwonta gudaji, miyarta tsululu, Baba yana ci yana yamutsa fuska, ni kuwa ko muciya an hana ni taɓawa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na asibiti. Na je karɓar maganina, wasu ƙwayoyi masu tayar da zuciya, in na sha sai in wuni ina kelaya amai. Na leƙa ɗakin su Yaya. Sakinatu na zaune a gado, ta fara mayar da kumatu. Tana ganina ta miƙo hannu biyu, "Fammata! Fammata!"

Yaya 'Yar'azumi ta fizge ta ta juya mini baya.

"Tsaya daga nan."

"Yaya, ɗaukarta kawai zan yi. An ce in na wanke hannu ba komai."

"Na ce tsaya daga nan! Lafiya lau na kawo miki ita."

Yarinya na tsala kuka tana leƙe ta kafaɗar uwarta, ni ina tsaye a bakin ƙofa kamar mai bara. Na juya. A baranda na yi karo da shi.

"Falmata, don Allah ki saurare ni. Sau biyu ina zuwa in gaya miki ke kaɗai, tun ban kaɗa ƙararrawa ba Gwaggo ta tare zaure ta ce kin ce ba kya son ganina. Likita kuma ya ce ba za a ƙara kwana kina girki ba a sani ba."

"Da ka aiko a kira ni nan."

"Na yi tunanin..."

"Da ka yi shiru! Wa zai sani? Ka ba ni maganin a ɓoye in sha, shi ke nan!"

"In ce wa likita ban ga abin da na gani ba? Ki ci gaba da ba Sakinatu abinci, da rabin unguwa?"

"To ka kyauta. Ka ceci unguwa. Je ka auri unguwar."

Na wuce na bar shi tsaye. Da na koma gida na tsaya a kan Gwaggo na ce, "Ashe ya zo kika kore shi?" Ko gezau. Ta ce, "Na kore shi, kuma gobe ma in ya zo in kore shi. Me ya canja? Ƙaryar ya yi miki?"

Wallahi da ba yayar ubana ba ce!

To ku ji inda abin ya juya. Jiya bayan sallar Juma'a na ji muryar Kawu Buba a zaure, sun daɗe da Baba. Da ya tafi Baba ya kira ni ɗakinsa. Ya rame, amma allura ta karɓe shi, zaryar ta tsaya. Gwaggo na zaune a gefe, abin mamaki har da murmushi.

"Falmata, mutanen Shu'ibu sun dawo a kan maganarki. Na ba su. Bayan an gama yankan shinkafa za a ɗaura."

Na ɗaga kai na dubi Gwaggo, ina jiran ta fashe. Sai ta ce, "Ai gara haka. Ni na ce masa ya karɓa da hannu biyu tun ba su sake shawara ba. Yanzu wa zai zo? Duk garin nan wace uwa ce za ta bar ɗanta ya auro mai guba a hannu? Shi da ya ɓata ki, shi zai kwashe kayansa. Mai-kashi da mai-cuta, ai an dace."

Jama'a, kun taɓa jin abin da kuka fi so a duniya ya zo muku a cikin kwanon da kare ya ci? Shekara guda ina roƙon Allah Ya sa Baba ya faɗi wannan kalma. Ga ta ya faɗa, ni kuwa ji nake kamar an watsa mini ruwan barkono.

"Baba, ka gafarce ni. Ban yarda ba."

"Me kika ce?"

"Da ina da daraja an hana shi. Yanzu da aka ga na zama abin ƙyama za a tura masa, kamar kifin da ya fara wari a karya kuɗinsa a rabu da shi. Ni ba haka zan bar gidan nan ba."

"Ke! Ni kike gaya wa haka? Na riga na ba da baki!"

"Sai na warke, Baba. Sai an duba an ce babu. In tuƙa tuwo da hannun nan, kai ka ci, Gwaggo ta ci, Yaya ta ci, ta miƙo mini Sakinatu in sa mata a baki a gaban matan unguwa. Sannan a yi maganar aure. Kafin nan ko an ɗaura ba inda za ni."

Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati. Baba ya nuna mini ƙofa da yatsa, ya ce in ɓace masa da gani, kuma in sani in mutanen nan suka janye, ba shi ba sake karɓar maganar wani a kaina.

Da la'asar sai ga ƙararrawar keke. Wannan karon ba wanda ya tare zaure. Ban yi wanka ba, ban sa kwalli ba, da zanen aikina na fita. Yana tsaye ya riƙe hularsa a hannu, ya faɗa shi ma.

"Kawu ya ce an ba mu," ya ce a hankali.

"An ba ku. Ni ban bayar ba." Na gaya masa sharaɗina kaf, ban rage ba.

Ya juya hular a hannunsa. "Falmata, ni ba don tausayi na turo ba. Tun kafin wannan nake nema, kin sani. Kuma abin nan yana da naci. Wani sha ɗaya yake rabuwa da shi, wani sai an maimaita. Ba duba ɗaya ake yi ba, sai an yi ta yi ana samun babu. Yana iya wuce yankan shinkafa. Mutanena kuma sun gaji da jira, Kawu ya ce wannan ne zuwansa na ƙarshe."

"Wa zai duba?"

"Ni. Babu wani a garin nan."

Na matso har ina jin ƙamshin jan sabulun nan. Na sassauta murya don na san akwai kunne a bayan ƙyaure.

"To in ranar ta zo, Malam, ka sa ido a madubinka, ka ga guda ɗaya tak. Ɗaya, a can gefe, wadda ba mai ganinta sai kai. In ka ce babu, a ɗaura mana aure. In ka ce akwai, kawunka ya tafi ba zai dawo ba. Me za ka ce?"

Wallahi har yanzu ban san amsar da nake so in ji ba. Na dai tsare shi da ido.

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Zan ce akwai, Falmata."